Jan Layin da Malam Ya Bari a Gadon Bayan Littafi

Sunana Kulu. A Ƙofar Marke aka kawo ni aure, a nan na tsufa, a nan kuma na yi shekara arba'in da ɗoriya ina ɗinkin littattafai ba tare da na taɓa karanta layi ɗaya daga cikinsu ba. Hajara, ɗiyar ƙanwata, ita ke rubuta wannan magana ina faɗa mata. Tana aiki a wani shagon buga takardu a Arkilla. Ranar da ta kai ni shagon na ji wani abokin aikinta yana cewa haɗa littafi ba aiki ba ne, ka huda da inji, ka zura robar nan mai kama da hanjin kaza, ka miƙa wa mai shi. Ban yi masa musu ba, da abin yake ci. Amma na dawo gida maganar tana cina, shi ya sa na ce a rubuta muku yadda muka yi namu.

Wurin maigidana na koya. Ba zan kama sunansa ba, Malam nake ce masa, haka ma unguwa. Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa, kuma har yau in na ambace shi sai na dakata. Hajara ta saba, takan ajiye biro ta jira ni. Shi ya koyi aikin ne yana masinja a ɗakin karatu na wata makaranta, wurin wani tsoho mai gyaran littattafansu, a can kuma ya tsinci Turancin da yake karantawa a hankali, yana bin layi da yatsa. Da ya bar aikin sai ya buɗe nasa a zauren gidanmu. Shi ke jera takardu, ya yanka, ya sa bango. Ni ke ɗinki a cikin gida.

Wata uku na fara yi ina ɗinkin tsofaffin jaridu, bai ba ni littafin kowa ba. Abin da ake koyo a nan shi ne jan zare. In ka ja da ƙarfi zai yanka takarda, littafin kuma ya ƙi buɗuwa. In ka sassauta sai fallaye su riƙa rawa kamar haƙoran tsohuwa. In na gama sai ya kama falle guda na tsakiya da yatsu biyu ya ɗaga littafin duka, ya girgiza. In ya ji wani motsi sai ya miƙo mini ya ce, "Kwance." Ba ya ƙara kalma.

Kayan aikinmu ba su cika ƙwarya ba. Basilla biyu, allura, aska, tsinken ƙarfe na huda, da zare wanda nake gogawa a kakin zuma don kada ya ruɓe. Akwai katakon matsi, allo biyu masu kauri da ake ɗaure su da noti. Akwai ƙashin haƙarƙarin sa da muke goge ninki da shi, wanda maƙwabcinmu Audu mahauci ya ba mu, Malam ya wasa shi a dutse har ya yi santsi. Yana nan har yanzu, ya yi jawur don hannu. Sitacin rogo nake dafawa na manni, kuma da ruwan ganyen dogon yaro nake dama shi, don gara tana son sitaci amma ba ta son ɗaci. Bango kuwa kwali ne, a rufe shi da yadi, in mai shi yana da hali a sa jar fatar akuya daga wurin majema.

Masu kawo mana aiki yawanci malamai ne da littattafan karatunsu da suka sha hannu, sai ɗaliban manyan makarantu, sai jefi-jefi wani ya kawo littafin mahaifinsa da ya rasu, ba don zai karanta ba, don dai kada ya wargaje. Irin wannan shi ya fi tsayawa a kanka.

A shekarata ta uku da fara ɗinki Ticha Istifanus ya fara zuwa. Kirista ne, mutumin ƙasar Filato, an turo shi koyar da kimiyya a wata sakandare, ya zauna a Sakkwato har ya haifi 'ya'yansa duka a nan. Dogo ne mai dariya da ƙarfi. Tun ranar farko da na leƙo bakin zaure na gaishe shi ya sa mini suna Amarya, bai kuma sake ba har na yi jikoki. Ya zo da wani littafin Turanci mai laushin bango, irin wanda ba ɗinki aka yi masa ba, manna shi kawai aka yi, mannin ya bushe fallaye suna zubewa. A bangon akwai hoton kumbo mai kama da taɓarya, wuta tana fita ta gindinsa, taurari sun kewaye shi. Ya ce gajerun labarai ne na tafiya sama da na injuna masu magana, tsofaffi, an rubuta su tun kafin wani ya je ko'ina. Ya ce da su yake jan hankalin ɗalibansa in lissafi ya gundure su.

Irin wannan littafi ga yadda ake masa. Malam zai jera fallayen bisa lambarsu, ya kasa su ɗauri-ɗauri, falle takwas-takwas, ya ɗora su a kan juna. Ni zan ɗauki ɗauri guda in huda shi da tsinke, in ɗinke, in haɗa shi da na ƙarƙashinsa. Ran nan ina tsakiyar aiki aka yi sallama, na tashi, gefen zanena ya ture tulin. Ɗauri biyu suka zame. Na dube su, duk iri ɗaya ne a idona, baƙi a kan fari. Kunya ta hana ni in fita zaure in tambaya. Na mayar da su yadda na ga dama, na ɗinke, Malam ya sa bango, Ticha ya karɓi littafinsa.

Bayan kwana huɗu sai ga shi, tun daga bakin titi ana jin dariyarsa.

"Malam, wane irin hukunci ne wannan? Bawan Allah yana zaune yana jiran wasiƙar matarsa, na juya shafi sai na gan shi a gaban alƙali. Me ya yi?"

Malam ya karɓa ya duba, ya jima, sannan ya kira ni bakin ƙofa.

"Kulu, mi kinka yi ma wanga littahi?"

"Ya zube ne, Malam."

"Ya zube, sai kinka tambayi wa?"

Ticha ya ce, "Ƙyale Amarya. Ɗalibaina sun fi son nata labarin. Har gardama suka yi a kan laifin mutumin."

Malam bai yi mini faɗa ba. Ya ɓare bangon, ya sa na warware ɗinkin gaba ɗaya, ya sake jerawa. Sai ya sa tulin a katakon matsi, ya bar gadon bayan littafin a waje, wato gefen da ake ɗinkewa. Ya ɗauko jan biro ya ja layi a karkace, daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa, ya bi ta kan kowane falle.

"Ga naki karatun," ya ce. "In layi ya tahi miƙe, littahi na daidai. In ya karye, wani abu ya bar wurinshi."

Daga ranar bai sake ba ni littafi ba sai da ya ja masa layi, ni kuma ban sake sa alƙali inda ba wurinsa ba. In an gama ɗinki sai a shafa sitaci a kan layin, a manna ƙyalle, a rufe da bango. Mai littafi bai taɓa sanin yana ciki ba.

Ribar da na ci a kuskuren nan ita ce labaran. Na ce sai an faɗa mini wane ne mai jiran wasiƙa, wane ne alƙali. Sai Malam ya riƙa karantawa da hantsi, in aiki yana cikin matsi ba abin yi sai jira, yana juya mini da Hausa, ina zaune a bayan ƙofa ina goga zare. Ticha ya ci gaba da kawo irinsu, shekara da shekaru, kuma kusan duk wanda ya bi ta hannunmu sai da na ji abin da ke cikinsa.

Na alƙali, wani gari ne da suka ƙera inji mai yanke shari'a, ba ya karɓar toshi, ba ya kuskure. Sai ga shi mutane sun fara zagayawa a ɓoye wurin wani tsohon alƙali da aka sallama, wanda yakan yi kuskure, amma kafin ya saurare ka sai ya tambayi lafiyar tsohuwarka. Audu mahauci yana zaure ranar da ake wannan. Ya ce, "Malam, wagga ai ƙarya ta."

Malam ya ce, "Ƙarya ta, Audu. Su ma masu rubutun ba su ce gaskiya ta ba."

"To mi ad daɗin ƙarya da rana tsaka?"

"Ba komi. Tashi ka tahi kasuwa."

Washegari Audu ya dawo da tsire a takarda, ya zauna, ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce, "Wai tsohon nan an kama shi?"

Akwai na manoman da suka sauka a wata duniya inda hatsi ke fitowa ba shuka ba noma, amma wani dattijo cikinsu kullum sai ya saɓa fartanya ya fita, ana yi masa dariya, har ranar da aka ga 'ya'yan masu dariyar suna binsa. Ni abin da na lura, kumbon da ƙarfen duk riga ce. In ka tuɓe ta, mutanen ciki na san su. Mai kewar gida, mai tsoron tsufa, mai son a tambaye shi ya ya kwana. An kai su can nesa ne inda ba dangi ba maƙwabci, don a ga abin da ya rage wa mutum in an raba shi da kowa. Tatsuniya takan kai ka daji ta nuna maka halinka a jikin dabba. Waɗannan sama suke kai ka.

Guda ɗaya ne ban so ba, na mai jiran wasiƙa. Mai gadin fitila ne a wata duniya mai nisa, shi kaɗai, yana haska wa kumbuna hanya. Gajeren saƙo ta iska yakan iso masa a yini guda, amma wasiƙa da kaya sai sun shekara bakwai a jirgin dako. Wata rana saƙon iska ya zo cewa matarsa ta rasu. Bayan wata guda jirgin dako ya kawo wasiƙarta, tana cewa lafiyarta ƙalau, lemon da ya dasa ya fara fure. Haka suka yi ta zuwa shekara bakwai. A ta ƙarshe ba wata magana babba, ta ce ta canja wurin ajiye mabuɗi, in ya dawo ba ta nan ya duba ƙarƙashin tukunyar da ke bakin ƙofa.

Na ce wa Malam, "Wagga mugunta ta. A bar mutum ya yi kukanshi ya gama mana."

Ya ce, "Ni kuwa shi na hi so."

"Don mi?"

"Ban sani ba. Miƙo man ƙashin nan."

Aiki ya fara ja baya tun kafin ya kwanta ciwo. Injin kwafi ya zo, robar ku ta zo, sannan waya ta zo ta kwashe sauran. Amma muna samun na cefane. Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda ya rasu. Ciwon bai yi wata biyu ba. Na shiga takaba, aka rufe zaure, katakon matsi yana jingine da bango da wani littafi a cikinsa da bai gama ba. 'Ya'yanmu mata uku ne, kowace tana ɗakinta, ba wadda ta ɗauki basilla. Da na fita takaba ba wanda ya kawo aiki, kuma ban ga laifinsu ba. Kowa ya san mai karatun ne ya tafi.

Sani, ƙanen Malam, ya zo ya same ni da maganar da ya daɗe yana juyawa. Ya ce akwai mai son ya kama zauren ya sa kayan shayi da sabulu, abin da ya bayar ya riƙe ni.

"Yaya Kulu, ba don in ɓata maki rai ba. Wa zai jera maki takardu yanzu? Ke kin iya ɗinki, amma ɗinki na bin jeri ne."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Na ce ya ba ni zuwa ƙarshen wata.

A cikin kwanakin nan keke-napep ya tsaya a ƙofar gida. Ticha Istifanus ne, ya tsufa, ɗiyarsa Rifkatu mai aikin jinya tana riƙe da hannunsa. Idonsa ya tafi tun shekara biyu kafin nan. Ya zo gaisuwar mutuwa tun ranar uku, wannan zuwa na biyu ne. Na shimfiɗa musu tabarma a zaure. Rifkatu ta ajiye kwalin takalmi a gabana ta buɗe.

Tun kafin in taɓa na gane shi. Huda biyu-biyu ce a gefen kowane falle, littafin da aka ɗinka sau biyu. Rifkatu ta ce rufin ɗakin ajiyarsu ne ya yi yoyo da damina, ruwa ya shiga kwalin littattafai, gara ta bi danshi. Duk sun tafi sai wannan. Zaren ya ruɓe, bangon ya narke, gara ta cinye gindin fallayen kaf, wurin da lamba take. Ta shanya su a rana don su bushe, iska ta taso ta watsa su a tsakar gida. Ta yi kwana biyu tana ƙoƙarin jerawa da karatu ta kasa, don ƙarshen kowane shafi ya tafi, ba ka sanin maganar da ta biyo.

Ticha ya ce, "Amarya, ƙarshen wata za mu koma gida gaba ɗaya, an yi wa Rifkatu canjin wurin aiki. Ta yi alkawarin za ta riƙa karanta mini. Wannan nake so ta karanta."

"Ticha, mai jeri ya tahi. Ni ko sunana ban ganewa in an rubuta."

"Ni ma yanzu haka nake. Kin ga mun zama ɗaya."

"Wanga aiki ya hi ƙarhina."

"Wataƙila. Amma ko kin sake kai mutumin nan kotu zan karɓa. Na saba."

Na yi dariya, rabona da ita tun kafin Malam ya kwanta. Da suka tafi na zauna da kwalin a cinya na yanke wa kaina hukunci. In na iya mayar da littafin nan yadda yake, zaure nawa ne. In na kasa, Sani ya kawo mai shayinsa.

Ku da kuke cewa aikin sauƙi ne, ga abin da na yi da falle ɗari da hamsin da 'yan kai, ba lamba, ba karatu. Da hantsi kawai nake aiki, lokacin da rana ke shigowa ta ƙofar zaure, don idona ba na da ba ne. Na tara duwatsu ƙanana na danne kowane kashi saboda iska.

Farko na daidaita kwanciyarsu. In huda tana hagu, cin gara yana ƙasa, to fallen yana kwance daidai. Wannan yini guda ya ci.

Sai na bi ruwa. Ta gaban littafin ya shiga, ya bar tabo. A fallayen farko tabon ya kai tafin hannu, yana raguwa yana raguwa har ya koma kamar ƙwayar gyaɗa, ya ɓace. Na jera su daga babban tabo zuwa ƙarami. Gara kuma ta baya ta shigo, ban da gindin da ta cinye ta haƙa rami tana karkata. Sai in haɗa falle biyu in ɗaga su ga rana. In ramin ya hau kan rami, haske ya wuce sosai, maƙwabta ne. In ya ɗan kauce, akwai wani a tsakaninsu. Kwana biyar ina ɗaga takarda ga rana har wuyana ya ƙage.

Abin da ya fi taimakona kuwa rashin iyawata ce ta ƙuruciya. A lokacin hannuna bai zauna ba, kowane ɗauri da inda na huda shi, wani kusa da baki, wani can ciki. Saboda haka fallaye takwas da aka huda tare suna gane junansu. Tsinken kuma tsini gare shi, hudar fallen sama ta fi ta na ƙasa faɗi. Da a ce inji ne ya huda, duk ɗaya za su zama, da ban yi komai ba. Wani wuri kuma ɗigon shayin Ticha ne ya cece ni, ya faɗa a shafi guda ya buga a na gabansa.

Ranar tara na kai inda dabara ta ƙare. Ɗauri uku na tsakiyar littafin, ruwa bai kai gare su ba, ramin gara bai kai ba. Kowanne na haɗa shi daidai a cikinsa, amma ban san wane ke gaba da wane ba. A ɗaya akwai ƙaramin zane na mutum zaune kusa da fitila. Na san wurin. Nan ne dai na yi kuskuren nan shekara talatin da wani abu da suka wuce.

Na san akwai layi, ai ni ce sanadinsa. Amma na riga na duba tun ranar farko ban ga komai ba. A falle guda layin bai kai kashin ƙuda ba, ga tsohon sitaci ya bushe a kai ya yi baƙi, ga ruwa ya bi. Na ɗauka ya tafi. Na yi tunanin in aika wa Rifkatu ta zo ta karanta mini bakin ɗaurin ukun, sai na ga in na yi haka na ba Sani amsarsa. Na sa su yadda zuciyata ta ba ni, na buga tulin a ƙasa ya daidaita, na sa a katakon matsi na ɗaure noti. Ko ba komai sai an kankare tsohon manni kafin a ɗinka. Na jiƙa ƙyalle na dafa a kai, na jira ya yi laushi, na fara kankarewa da bayan aska a hankali.

A kusurwar sama ja ya fara fitowa.

Na ajiye aska na share idona, na sake ɗauka. Layin ya biyo hannuna yana gangarowa a karkace, ya dushe amma yana nan, ya bi ta kan fallayen da na jera da tabon ruwa bai karye ba ko sau ɗaya. A tsakiya ya yi tsalle, gutsure biyu sun musanya wuri. Daga nan ya ci gaba miƙe ta kan na ramin gara har kusurwar ƙasa. Na kwance noti, na zare ɗauri biyun nan na sauya su, na sake matsewa. Layi ya tafi daga sama har ƙasa kamar jiya aka ja shi.

Na zauna a gabansa har aka kira azahar. Na yi kuka, ba zan ɓoye muku ba, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da shi. Hannunsa ne. Har inda biron ya ɗan tsaya ya sake dannawa ina gani. Ya ja shi ne don wata yarinya mai jin kunyar tambaya, sai ga shi ya iso wurin tsohuwa.

Abin da ya fi wuya a aikin duka shi ne na washegari. Na ɗinke da sabon zare, na bi tsohuwar huda don kada in ƙara wa takarda rauni. Sai lokacin manni ya zo, kuma manni rufe layi yake. Na dafa sitacin ya huce, na sake ɗumama shi, ya sake hucewa. Daga ƙarshe na ɗauko biron da ke cikin ƙwaryar kayan aiki, shuɗi ne, na ja nawa layin a gefen nasa. Shi ne karo na farko da na riƙe biro. Sannan na shafa sitaci, na manna ƙyalle, na yi bango da jar fatar da Malam ya bari. Da ya bushe na kama falle guda na tsakiya na ɗaga na girgiza. Ba motsi.

Saura kwana biyu su tashi suka zo. Sani yana nan, na aika a kira shi ban faɗa masa dalili ba. Na sa littafin a hannun Ticha. Ya shafa fatar, ya bi gadon bayan da babban yatsa, ya buɗe ya shinshina.

"Dogon yaro," ya ce. "Har yanzu ba ki yi wa gara afuwa ba." Sai ya miƙa wa ɗiyarsa. "Nemo mini mai gadin fitila. Wajen tsakiya yake."

Ta nemo, ta karanta da Turanci a hankali, yana gyaɗa kai, inda gara ta cinye yana cika mata daga ka. Ta kai ƙarshen shafi ta tsaya.

"Juya," ya ce. "An kai shi gaban alƙali?"

Ta juya, ta duba.

"A'a, Baba. Wasiƙa ce ta zo."

Sani ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya dubi katakon matsi, ya ce notin hagu ya ci, zai kawo mini wani ranar Juma'a. Bai sake yi mini zancen mai shayi ba.

Ina nan a zauren har yau. Aikin ba yawa, littafi biyu ko uku a wata, yawanci irin wanda inji ya ƙi. Wanda ya zo da lambarsa, mai shi ke jera mini a gabana, in sa a matsi, in ja layina kafin ya tashi. Wanda ya zo ba lamba, a bar mini shi da rana.